Shugabancin Ɗalibai, Ranar Al'adu da Aikin Gayya a Sakandare: Tambayoyi da Amsoshi

Kusan duk taron iyaye da malamai, ko ranar ziyara a makarantar kwana, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawo mini. Wani uba zai ja ni gefe ya ce an ɗora wa ɗansa muƙami ga jarrabawa ta ƙarato. Wata uwa ta ce an umarci 'yarta ta zo da zanen saƙi da ƙwarya, me ya haɗa wannan da karatu? Na daɗe ina koyarwa a sakandare, ƙungiyoyin ɗalibai kuma a hannuna suke, shi ya sa na tattara tambayoyin wuri guda na amsa su gwargwadon abin da na gani da idona. Wasu na iyaye ne, wasu na ɗaliban kansu, na bar su yadda aka yi mini su.

Su wane ne shugabannin ɗalibai, kuma mene ne aikin kowannensu?

A sama akwai hedboy, a makarantar 'yan mata kuma hedgal, makarantar da ta haɗa maza da mata takan yi duka biyun, kowa da mataimakinsa. A ƙarƙashinsu sai firifet-firifet, kowa da fanninsa. Mai kula da lokaci shi ke buga ƙararrawa, wadda a makarantu da yawa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne rataye a jikin darbejiya. Lebo firifet shi ke raba filin shara da yankan ciyawa. Na lafiya yana kai marar lafiya wurin nas, ya tabbatar an ajiye masa abincinsa. Akwai na wasanni, na laburare, na masallaci da na ɗakin ibadar Kirista. A makarantar kwana kowane gida yana da haus kyaftin, sannan ga firifet na dainin, wanda duk wanda ya ci gabza ya san babu muƙamin da ya kai nasa jawo abokan ƙarya da maƙiya na gaske, domin ludayin miya a hannunsa yake.

Can ƙasa kuma sai monita, wanda ake rainawa. Shi ke karɓo alli, ya goge allo, ya rubuta sunan masu surutu, ya je ofis ya tuna wa malami cewa lokacinsa ya yi. Ni kam daga monitan aji biyu nake fara gane wanda zai iya riƙe makaranta nan da shekara uku. Yaron da zai iya rubuta sunan amininsa cikin masu surutu, kuma bai ƙara sunan wanda suka yi faɗa jiya ba, ya riga ya wuce rabin jarrabawar.

Daga ina aka samo wannan tsari? Namu ne ko na aro?

Sunayen da bajon da ake maƙalawa a ƙirji na aro ne. Tsarin makarantun kwana na Ingila ne, ya shigo tare da boko. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce ta zama Kwalejin Barewa ta yau, kuma a can aka raba ɗalibai gida-gida, manya na kula da ƙanana. Har yanzu gidajenta na ɗauke da sunaye irin su Dan Hausa da Bello Kagara. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun yi karatu a Katsina, daga baya Shehu Shagari, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk suka bi ta wannan kwaleji.

Amma Bahaushe bai jira Bature ya koya masa ɗora wa yaro nauyin ɗan'uwansa ba. A makarantar allo, gardi ne ke biya wa ƙolo da titibiri karatu idan malam ya tashi. A unguwa da ƙauye akwai sarkin samari, wanda ke haɗa matasa aikin gayya, ya raba rigimarsu, ya yi magana da yawunsu a gaban mai unguwa. A Nijar ma gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau mulki a 1974, ta farfaɗo da Samariya ta mayar da ita ƙungiyar matasa ta ƙasa baki ɗaya, har suka riƙa gina azuzuwa da hannunsu. Abin lura a nan shi ne, sarkin samari fartanyarsa ce ke fara shiga gona. Wannan ɓangaren ne muka bari ya suɓuce mana a makarantu da yawa, muka riƙe bajo da bulala kawai.

Naɗa su ake yi ko zaɓe?

Ya danganta da makaranta. A wasu, shugaban makaranta da malamai ne ke zama su duba sakamakon jarrabawa da hali, su fitar da sunaye a karanta a asambuli. A wasu kuma ana cika fom, a tantance, a yi ranar bayyana manufa, sannan ɗalibai su jefa ƙuri'a. Yawanci daga 'yan SS 2 ake ɗauka, a miƙa musu aiki kafin 'yan SS 3 su shiga hidimar WAEC da NECO.

Kowace hanya da illarta. Idan malamai kaɗai suka naɗa, sau da yawa yaron da ya iya gaisuwa da ɗaukar jakar malam ne ke samu, alhali a ɗakin kwana kowa ya san halinsa na dare daban ne. Idan kuma aka sakar wa ɗalibai ƙuri'a ba tantancewa, sai ka ga abin da manya ke yi a siyasa ya sauko aji: rabon biskit da alawa, haɗin kan 'yan gari ɗaya, da alkawarin da ba shi da ikon cikawa. Abin da na ga ya fi aiki shi ne a haɗa biyun. Malamai su tace, su cire duk wanda aka taɓa kamawa da cin zali ko satar jarrabawa, sannan a bar ɗalibai su zaɓa daga cikin waɗanda suka rage, a ƙirga ƙuri'a a gabansu, a fili, da babbar murya.

Akwai shekarar da ba na mantawa. Masu neman lebo firifet su huɗu suka hau dandamali. Na farko ya yi alkawarin rage shara, na biyu ya ce zai sa a ƙara nama a miya, wanda ko kusa ba hurumin muƙamin ba ne, aka yi ta tafi da sowa. Na ƙarshe wani siririn yaro ne mai in'ina, takardar da ya rubuta tana rawa a hannunsa. Sai ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce ƙofar banɗakin da ke bayan azuzuwan juniya ta ɓalle tun farkon zango, shi kuma ɗan kafinta ne, ko an zaɓe shi ko ba a zaɓe shi ba ranar Asabar zai gyara ta. Wasu suka yi dariya. Ranar Asabar da hantsi na same shi durƙushe da guduma, ƙusoshi a bakinsa, 'yan JS 1 biyu na riƙe masa ƙofar. Zaɓe ranar Litinin ne, kuma ƙuri'un juniya kusan duk nasa suka zama. Yara suna gani, sun fi mu gani ma.

Malam, an ba ɗana firifet, ga shi zai shiga ajin ƙarshe. Ba zai hana shi karatu ba?

Alhaji, tsoronka yana kan hanya, domin na ga yaran da muƙami ya cinye. Amma idan ka bincika, za ka tarar malamai ne suka sauke musu aikin da ba nasu ba: tsaron ƙofa har a gama darasi na farko, zagayen azuzuwa lokacin da ya kamata suna cikin nasu, har da rubuta wa malami darasi a allo. Sharaɗin da nake kafawa ɗaya ne: idan aka buga ƙararrawar shiga aji, hedboy ma ɗalibi ne, ya zauna a bencinsa. Ka tambayi ɗanka darasi nawa ya rasa a makon nan saboda aiki. Idan ya wuce ɗaya, ka zo makaranta mu yi magana, haƙƙinka ne. In ba haka ba, yaron da ya koyi tashi kafin kowa ya shirya kafin ya tashi wasu, yawanci karatunsa gyaruwa yake yi.

Firifet yana da ikon dukan ɗalibi?

Ba shi da shi. Ko da makaranta ta kau da kai, ko da an saba, ba shi da shi. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai bai san iyakar hannunsa ba, bai san wane ne mai sikila ba, wane ne mai asma ba, ga kuma zafin ƙuruciya. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda jihohi da dama suka yi tasu a kanta, ta hana azabtar da yaro da wulaƙanta shi, ba ta kuma keɓe siniya ba.

Ina faɗin wannan da zafi ne saboda na ɗanɗana. Ina aji ɗaya a wata makarantar kwana, tsakiyar hunturu, bokitin wani siniya ya ɓace. Kafin kiran assalatu ya tashe mu duka 'yan ɗakin, ya fito da mu waje daga mu sai gajeren wando, ya sa muka kwanta a kan siminti, ya riƙa ɗebo ruwan randa yana watsa mana. Har yau ina jin yadda haƙoran yaron da ke kusa da ni ke haɗuwa. Kwana biyu bayan haka aka kai shi gida da ciwon ƙirji, bai sake dawowa makarantar ba. Bokitin kuwa a bayan kicin aka same shi, inda mai shi ya manta da shi. Abin da ya fi damuna ya zo ne bayan shekara huɗu, da muka zama manya: wasu daga cikin waɗanda muka kwanta a simintin nan tare, su ne suka riƙa yi wa ƙanana irin haka, hujjarsu ita ce mu ma an yi mana. Cin zali a makarantar kwana gado ne, kuma ba ya yankewa sai an sami aji guda da ya ce a kanmu zai tsaya.

To me firifet zai yi da mai laifi? Ya yi masa magana, ya rubuta sunansa, ya kai wa malamin da ke kan aiki a makon ko haus masta. Idan makaranta ta yarda, yana iya ba da ƙaramin aiki kamar tsintar leda ko share baranda, a wajen lokacin darasi, kuma a rubuta a littafi domin malami ya gani. Tsallen kwaɗo cikin rana, kamun kunne har yaro ya faɗi, hana abinci, ƙwace kayan ciye-ciye, duk zalunci ne ko da wane suna aka kira su. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanku makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Da wannan hadisin nake buɗe zaman farko da sababbin firifet kowace shekara, kuma 'yan'uwanmu Kirista suna da koyarwa irin tata game da makiyayi da garkensa.

'Yata tana JS 1, ta ce wata siniya ke sa ta wanki da ɗebo ruwa kullum, ta kuma roƙe ni kada in faɗa. Yaya zan yi?

Hajiya, ki faɗa, amma da dabara. Kada ki tunkari siniyar da kanki ranar ziyara, domin ke za ki tafi gida, 'yarki ce za ta kwana a ɗakin. Ki sami matiron ko mataimakiyar shugabar makaranta a keɓe, ki nemi a bincika ba tare da an ambaci sunan yarinyar ba. Matiron da ta san aikinta za ta yi zagayen ba-zata da asuba ta kama abin da idonta. Idan mako biyu suka wuce ba canji, ki kai maganar ga shugabar makaranta a rubuce. Akwai uwar ɗaki ta gaskiya, wadda ke kare ƙanwarta ta koya mata zaman makaranta, wannan abu ne mai kyau. Wadda ta mayar da 'yar mutane baiwa kuwa ba uwar ɗaki ba ce.

A makarantar da ke haɗe, me ya sa hedgal ke zama kamar 'yar rakiya?

Saboda mu malamai ne ke tura komai wurin hedboy, ita kuma mu tuna da ita ranar da za a miƙa wa baƙo fure. Gyaran ba shi da wuya: a raba ranakun jagorantar asambuli, a ba ta kujera a duk zaman da aka ba shi. Akwai kuma matsalolin da ita kaɗai za ta iya kawowa, irin su rashin ruwa da ƙofa a banɗakin mata, wanda ke sa 'yan mata zama a gida 'yan kwanaki kowane wata ba tare da sun faɗa wa kowa dalili ba.

Ƙungiyoyi sun yi yawa. Wacce ya kamata in shiga?

Ɗana, biyu sun ishe ka: ɗaya da za ta gyara maka hali, ɗaya da za ta koya maka yin wani abu. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, MSS, an kafa ta a Legas a 1954, takwararta ta ɗalibai Kirista, FCS, ta faro daga Gindiri a 1957, kuma da wuya ka shiga sakandaren gwamnati a Arewa ba ka tarar da ɗaya ko duka biyun ba. Sikawut ta shigo Najeriya a 1915, ta 'yan mata kuma a 1919. Red Cross na koyar da taimakon gaggawa, yadda ake tsayar da jini da ɗaure karaya kafin a kai asibiti. JETS ta masu son kimiyya da ƙere-ƙere ce. Akwai ta manoma matasa, ta 'yan jarida masu karanta labarai a asambuli, ta wasan kwaikwayo, da ta muhawara da kacici-kacici.

Idan kai mai kunya ne, muhawara nake ba ka shawara, duk da na san ita ka fi gudu. Ranar farko gwiwarka za ta yi rawa. Zuwa karo na biyar za ka iya tsayawa gaban mutum ɗari ka kawo hujja uku a jere ba ka ɓata ba, ka kuma saurari wanda ya saɓa maka har ya gama ba ka katse shi ba. Manya da yawa ba su iya wannan na biyun ba.

Ranar al'adu ba ɓata lokaci da kuɗi ba ce kuwa?

Yadda wasu makarantu ke yin ta, haka ne. A sa iyaye ɗinkin anko, a ɗauko mai kiɗan zamani da manyan lasifika, a naɗa wa wani yaro rawani a sa masa alkyabba, a ɗauki hotuna a watsa a Facebook, a tashi. Yaro ya koma gida bai ƙaru da kalma ɗaya ba, uba kuma ya yi asarar kuɗin buhun masara. Wannan ba na kare shi.

Ranar al'adu ta gaskiya aikin makonni ce, kuma ranar kanta ita ce mafi ƙanƙantar ɓangarensa. A raba wa kowane aji abin da zai bincika: wannan ya ɗauki sana'ar rini, ya gano yadda ake haɗa baba da toka a karofi irin ta Ƙofar Mata a Kano, wancan ya ɗauki ƙira, ko jima da dukanci, wani ya tattaro karin magana hamsin daga bakin kakanni tare da inda ake amfani da kowanne, wani ya koyi waƙoƙin gaɗa da na daka, maza su yi langa da kokawa a gaban alƙali. A tanadi abinci irin dambu, fate, ɗanwake, fura da kunun tsamiya, amma kowace ƙungiya ta iya bayanin yadda aka yi shi tun daga sussuka. Kayan sawa kuma a aro daga adakar kaka, ba sai an ɗinka ba.

Wata shekara 'yan SS 1 suka gayyato kakar ɗaya daga cikinsu ta nuna kaɗi. Tsohuwar ta zauna a tabarma, ta baje audugar da aka gurje aka shiɓe, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari a kan 'yar tasarta. Zare ya fara fitowa siriri, ba ya tsinkewa. 'Yan matan da suka zo da niyyar ɗaukar hoto suka ajiye komai suka durƙusa kewaye da ita. Ɗaya ta karɓa ta gwada, zaren ya tsinke sau uku, tsohuwar ta kama hannunta ta ce a hankali 'yar nan, auduga ba ta son gaggawa. Malamin fiziks da ke tsaye a bayana ya ce mini da ya san da wannan, da mazari zai koyar da darasin juyawa. Jikar kuwa, wadda a da ba ta so a san kakarta daga ƙauye take, ita ce ta riƙe mata jaka har bakin ƙofa tana gaya wa kowa cewa kakarta ce.

Game da lokaci, Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, yawanci cikin dogon hutu take faɗowa. Ranar Harshen Uwa ta Duniya, 21 ga Fabrairu, ta fi dacewa da kalandar makaranta domin tana cikin zango na biyu.

Ni ban yarda 'yata ta yi rawa a gaban maza ba. Dole ne?

Ba dole ba ne, kuma bai kamata a rage mata maki ko a tsangwame ta ba. Al'ada ta fi kiɗa da rawa faɗi nesa ba kusa ba. Tana iya yin tatsuniya, ko rubutacciyar waƙa, ko bayanin lefe da kayan ɗaki, ko nuna rubutun ajami, wanda da shi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta rubuta waƙoƙin da malamanta mata, waɗanda ake kira jaji, suka riƙa kai wa mata ƙauye-ƙauye. Makarantar da ta san mutanenta takan ware wa 'yan mata filin gaɗarsu daban.

Yaran da ba Hausawa ba fa?

Ranar tasu ce kamar kowa. A ajinmu ɗaya za ka sami Bafulatani, Babarbare, Banufe, Bagwari, Bayarabe, Ibo da Tibi, musamman a makarantun haɗin kai na tarayya da na manyan birane. Kuskuren da ake yi shi ne a ba su minti biyar a ƙarshe, mutane sun fara watsewa. Abin da muke yi shi ne musaya: Bahaushe ya koyi gaisuwar safe da ta yamma da Ibo, Ibo ya kawo karin maganar Hausa ya fassara. Yaron da aka yi wa dariya saboda ya kasa furta kalmar yaren abokinsa, aka kuma gyara masa cikin raha, da wuya ya girma yana yi wa yaren kallon raini.

Wace irin hidima ɗan sakandare zai iya yi wa al'umma, shi da ba shi da ko sisi?

Yana da ƙarfi, yana da lokaci, yana da ilimin da wani ba shi da shi, kuma suna da yawa. Da waɗannan kakanninmu ke yin gayya: mai gona ya sanar, samari su fito da fartanya, makaɗi ya saki gangar noma, kafin azahar an gama abin da mutum ɗaya zai kwana bakwai a kai, a sha fura a watse. Ba a biyan kowa, amma kowa ya san ranar tasa na zuwa.

Ayyukan da na ga ɗalibai sun yi sun kuma yi amfani su ne yashe magudanar ruwa kafin damina ta kankama, share harabar ƙaramin asibitin unguwa, cire ciyawa a maƙabarta, gyara bencin firamaren da ke maƙwabtaka, da koya wa 'yan aji biyar da shida karatu da lissafi awa ɗaya a mako. Wannan na ƙarshe shi na fi so, domin riba biyu ce: ƙaramin ya iya haɗa baƙi, babban kuma ya gane cewa bai fahimci raba lamba ba sai da ya zo koyar da ita. Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda jihohi da yawa suka ware wa tsabtar muhalli tun zamanin mulkin soja na tsakiyar shekarun 1980, dama ce a shirye.

Sharuɗɗa biyu nake kafawa. Na farko, a je a gaida mai unguwa a tambaye shi abin da ya fi damun mutanensa kafin a yanke shawara. Mun taɓa shirya fentin katangar wani asibiti, da muka tambayi ma'aikaciyar da ke wurin sai ta nuna mana inda mata masu awo ke tsayuwa cikin rana. Rumfa muka yi da zana da itace maimakon fenti, kuma ita ce aka yi ta amfani da ita. Na biyu, idan an kai taimako gidan marayu ko wurin marasa lafiya, ba a ɗaukar hoton fuskar kowa. Wanda ka taimaka wa yana da mutunci, kuma yara na bukatar su koyi yin alheri ba tare da kyamara ba. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kamar yadda ya zo a hadisi, ko da babu wanda ya gani.

A kuma kula da lafiyarsu: safar hannu da takalmi lokacin yashe kwata, ban da taɓa sharar asibiti mai allura, ban da ba da jini ga wanda bai kai shekara 18 ba.

Kowace shekara ana dashen itatuwa, amma ba ma ganin bishiya. Me ke faruwa?

Ana dasawa a Yuli, a tafi dogon hutu, awaki su yi biki. Wanda ya tsira daga akuya kuma rani ya kashe shi. Dashe aikin yini ɗaya ne, reno kuwa na shekara biyu. Gara a dasa ashirin, kowanne a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando, a rubuta sunan ɗalibai biyu da za su shayar da shi har su gama makaranta, a kuma yi yarjejeniya da maigadi kan lokacin hutu, da a dasa ɗari biyar don a faɗa a rahoto. Ruwan alwala da na wanke hannu ya isa shayarwa idan aka yi masa hanya. Darbejiya da zogale sun fi jure wahala, mangwaro da gwaiba na son kulawa amma yara sun fi ƙaunar su. A jihohin da hamada ke matsowa, irin su Yobe, Jigawa, Katsina da Sakkwato, wannan ba aikin ado ba ne.

Da halin tsaron da ake ciki, ya dace a fitar da yara waje?

Bayan sace ɗalibai da aka yi a Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Kagara da Jangebe a 2021, babu malamin kirki da zai ɗauki wannan tambaya da wasa. Ƙa'idarmu ita ce: izinin iyaye a rubuce, wuri na kusa da za a je a ƙafa a dawo kafin la'asar, malamai biyu aƙalla, a ƙirga yara a fita a ƙirga a dawowa, kuma ba a sanar da rana da wuri a kafafen sada zumunta sai an dawo. Inda hankali bai kwanta ba, a yi hidimar a cikin makaranta, a gayyato 'yan firamaren su shigo.

Wa ke riƙe kuɗin ƙungiya?

Ɗalibi ma'aji ya riƙe littafi, malami mai kula da ƙungiyar ya riƙe kuɗi, kada mutum ɗaya ya haɗa biyun. Duk abin da aka saya a kawo rasit, ko a rubuta a sa hannu mutum biyu idan a kasuwa ne. Ƙarshen zango ma'aji ya tashi gaban 'yan ƙungiya ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, har naira hamsin ɗin ruwan leda. Malamin da ya ƙi a karanta lissafi a fili, shugaban makaranta ya kamata ya ji labarinsa.

Muƙamin nan zai taimaka mini wajen samun jami'a?

Kai tsaye, a'a. Makin JAMB da kiredit biyar na WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, su ake dubawa. Amma takardar shaidar hali da makaranta ke bayarwa tana ambaton muƙami da ƙungiyoyin da ka yi, kuma masu ba da tallafin karatu, musamman na ƙasashen waje, sukan nemi ka rubuta wani abu da ka taɓa jagoranta. A nan wanda ya yi rumfar asibiti yana da labarin bayarwa, wanda ya rataya bajo kawai ba shi da shi.

Na nema ban samu ba, an ba wanda na fi shi ƙoƙari. In haƙura kawai?

Ka je ka taya shi murna yau, kafin zuciya ta yi nauyi. Sannan ka duba abin da ka ce za ka yi da an zaɓe ka, ka tambayi kanka wanne ne a ciki yake bukatar bajo. Yawanci babu. Darasin yamma ga 'yan JS 3 masu shirin jarrabawa, jaridar bango, gyaran littattafan laburare da suka yayyage, duk izinin malami ɗaya suke bukata. Ka zo ofishina ranar Laraba bayan tashi da sunayen mutum uku da za su yi tare da kai, da ranar da kuke son farawa, ni zan kai maganar wurin shugaban makaranta.